Da Jinina

Ni ke yi wa Mama wanka, ni ke juya ta, ni na san cokalin da take so. Tun da ƙarancin jini ya kwantar da ita nake maƙala mata 'yar na'urar nan a yatsa, mai nuna bugun zuciya. In ina gefenta, bugun yana nan yadda yake, kamar ba kowa a ɗakin. Amma bari ƙanena Auta ya yi sallama, hannu rabbana, ko lemo bai riƙo ba! Sai ta yunƙura ta zauna, lambobi su hau tsalle. Wallahi kishi nake ji.

Ranar da numfashinta ya fara sarƙewa muka kai ta asibiti. Na ja likita gefe, na ce, "Likita, don Allah me ya sa zuciyarta ke gudu in ta ga wancan?"

Ya yi dariya. Ya ce in jini ya yi ƙaranci, iskar da yake kai wa gaɓoɓi ba ta isa. Sai jiki ya saki wani sinadari daga saman ƙoda, ya yi ta zaburar zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi don ta cike giɓin. "Yunƙurin tashi zaune ma ya isa ya jawo haka," in ji shi.

Kai, na ji sanyi a raina! Ashe ba so ba ne, ciwo ne.

Aka ce sai an ƙara mata jini. Auta na hango allura ya tuna bai kulle motarsa ba. Ni na miƙa hannu, nawa kuma ya dace da nata.

Washegari leɓɓanta suka yi ja, numfashi ya daidaita, bugun ya sauko ya kwanta. Na zauna ina kallon na'urar, har da ɗan murmushina.

Sai ga sallamar Auta daga bakin ƙofa. Mama ba ta yunƙura ba, ko kai ba ta ɗaga daga matashi ba. Lambobin suka hau tsalle.

Na dubi likita. Ya sunkuya yana gyara robar ƙarin ruwa da ba abin da ya same ta.

"Auta, ka ci abinci kuwa?" in ji Mama.

Na tashi na ba shi kujerata. Da jinina take yi masa wannan bugun.