Kwat Mai Dogon Hannu

Clara ta ture kwat ta huɗu gefe, ta janyo ta biyar ta kara a ƙirjinta. A da, in za ta saya wa mijinta Davou riga, sai ta ware hannuwa ta auna faɗin kafaɗa. Yau da jikinta take gwadawa, ita da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka.

Wannan shagon gwanjo na unguwar Rusholme ba baƙonta ba ne. Tun da hukuma ta rage mata awoyin aikin kula da tsofaffi, nan take sayen labule da tukwane da takalman ɗansu Dung. Ta san kuɗin shagon zuwa hospice suke tafiya, gidan da ake kai waɗanda likitoci suka ce sai dai addu'a. Amma ba ta taɓa tambayar kanta daga ina kayan suke fitowa ba, sai yanzu da Davou ke kwance a can. Kwat-kwat ɗin sun jeru kafaɗa da kafaɗa kamar maza a layin asibiti, kowace da ɗan warin mai ita. 

"Maman Dung! Ke ma kin zo sale ɗin rangwame?"

Mama Justina ce, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Ta dubi baƙar kwat ɗin, ta dubi Clara.

"Ta wa ce? Ta yi wa Dung girma. Baban Dung kuwa ko hannu ɗaya ba zai shiga ba."

"Ya ɗan rame, Mama."

"Amma kin ce yana samun sauƙi."

Clara ta ƙara rungume kwat ɗin. Fuskar Mama Justina ta canza, ta matso ta rage murya.

"Clara, ajiye. Mutum yana numfashi kina haɗa masa kayan tafiya? In wansa Choji ya ji a Birmingham, kafin dare ya kai Jos. Za su ce ke kika kira masa mutuwa. We reject it!"

Clara ta san haka. A gida ba a taɓa kayan binne mutum sai ya cika. Amma a gida akwai tela a bakin layi, akwai dangi cike da tsakar gida. A nan ita kaɗai ce, kuma ta rantse ba za a aika hoton mijinta Jos yana iyo cikin tsohuwar kwat ba, kowa ya ga abin da ciwo ya rage. Ta kai kwat ɗin wurin mai karɓar kuɗi, ta biya. Baturiyar da ke wurin ta ce mata ta yi sa'a, jiya jiya aka kawo ta.

A cikin bas ta rungume ledar, tsoro ya cika ta. Ji take kamar ba ita kaɗai ce a kujerar ba.

Da ta isa ɗakin mijinta a hospice, ta yi niyyar ɓoye ledar a ƙarƙashin kujera, amma idon Davou biyu. Ciwo ya cinye komai a jikinsa ban da ido.

"Me kika samo mana yau?"

"Kayan Dung ne."

"Maman Dung, ba ki iya ƙarya ba. Fito da ita."

Ta fito da ita. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa yatsa ya juya bakin rigar, jan shafi ya bayyana a ciki.

"Ta Alan ce," ya ce. "Tsohon da ke room ɗin can na ƙarshe. Kullum Lahadi sai ya sa ta ya zauna a garden, ko ba mai zuwa ganinsa."

Clara ba ta san Alan ya rasu ba. Kuka ya ƙwace mata.

"Ka yafe mini, Baban Dung. Zan mayar."

"Ki mayar ina? Ta yi masa kyau ƙwarai." Ya dafa ƙarfen gado, ya yunƙura. "Tashe ni."

Ta zaunar da shi, ta zura masa hannu ɗaya, sannan ɗayan. Kafaɗar ta zauna daidai, kamar don shi aka ɗinka. Hannun ne ya wuce, ya rufe masa yatsu.

"Alan dogo ne," ya ce. "Ki rage nan. Kada ki jira weekend."

Ta durƙusa a gefen gadon, ta fara naɗe bakin hannun.