Muryar Malam a Abu Marar Nauyi

Gwaggo Mas'uda ta Kurfi shekara talatin tana auna hatsi, kuma hannunta ne ma'auninta. In ta ɗebi gero ta ji ya yi sakayau, ba ta ko dubawa, ta san ƙwaro ya gama da cikinsa.

To, tafsirin azumi na marigayi mijinta, Malam Sirajuddeen, na shekara goma sha ɗaya, duk yana cikin kwamfutar jikarta Muhsina, wadda ke zuwa jami'a a Dutsin-Ma kullum bisa babur. Babu shi ko'ina sai nan. Ran nan kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas, karatun yana yankewa. Gwaggo ta ce ba za a kai Malam wurin mai gyara ba sai da ita.

Mai gyaran, Mutawakkil, yana da shago a gefen kasuwar Dutsin-Ma. Ya kwance kwamfutar, ya ce ma'ajiyarta ce ke mutuwa, wadda suke kira haddis. Ya ajiye sababbi biyu a gabanta. Ɗaya irin tsohuwar ce, da faifai mai juyawa a ciki, tana cin kaya da yawa amma ba ta son jijjiga. Ɗayar kuwa es-es-di, babu abin da ke motsi a cikinta, hanyar Kurfi ba za ta yi mata komai ba. Ya ce a zaɓa yau, a kwashe yau, don tsohuwar ba ta da sauran kwana.

Gwaggo ta ɗora ɗaya a tafin dama, ɗaya a hagu. Ta kai mai sakayau ɗin kunne ta girgiza. Shiru.

"Ɗan nan, wannan ai fanko ne."

"Gwaggo, wallahi haka ake yin ta."

"Haka mai ruɓaɓɓen wake yake cewa."

Muhsina ta ji kunya ta yi ta taɓa ta, ita ko a jikinta. Abin da ya ƙara tsaya wa Gwaggo a rai shi ne saurin da mai gyaran yake yi. Ga kuma 'yan katunan waya masu ɗauke da wa'azi jere a gilashin shagonsa, an rubuta sunayen malamai a jiki. Wato ya riƙe tsohuwar mai nauyi, ya ba su kwanso, gobe ta ji muryar mijinta tana tashi a wayar 'yan acaɓa? Ta ce a mayar da komai yadda yake, za ta yi shawara.

Kwana tara tana shawara. Ta tambayi ƙanin Malam, ya ce bai sani ba. Ta tambayi wani malamin firamare, ya ce mai gyaran ya yi gaskiya, sai ta fara tunanin ko sun san juna. Muhsina kuwa darasi ba ya jira, kullum kwamfuta na jaka, jaka na bisa babur.

Rana ta goma kwamfutar ta ƙi tashi.

Suka koma. Mutawakkil bai ce ai na faɗa ba, ya dai ja mata benci. Tun hantsi har la'asar yana lallaɓa tsohuwar, Gwaggo na zaune idonta a kan yatsunsa, ko sallah sai da suka yi karɓa-karɓa ita da Muhsina. Shekara tara suka fito. Biyun ƙarshe, waɗanda Malam ya yi a zaune muryarsa ta dushe, suka ƙi.

Gwaggo ta ce a zuba a marar nauyin, tunda babur ba zai daina tafiya ba. Amma sai da ta karɓi tsohuwar ta ƙulle a bakin zane, ta fita da ita har ƙofar shago, sannan ta ce a kunna. Muryar Malam ta fito tas, yana gyaran murya kafin bisimilla. Ta daɗe a tsaye.

Da ta dawo ciki sai ta dube shi.

"Biyun nan, suna cikin wannan da ke hannuna, ko suna wurinka?"

Ya rantse suna ciki, faifan ne ya karce. Ta ce to, Allah ya sani. Ta sa Muhsina ta karanta mata sunayen da ke jikin katunan gilashin ɗaya bayan ɗaya, har na ƙasan, kafin ta yarda suka tafi neman abin hawa.