Kofin da Aka Hana Fasawa

Tas!

Ƙarar ta riski Jarna tun kafin ta sha kwanar tashar jirgin ƙasa, sai ta ji nauyin kwandon da ke kanta ya ragu. Wani ya gama shan shayinsa ke nan, ya jefa kofin yumɓun a gindin katanga. Tun tana ƙarama take son wannan ƙara. Duk kofin da ya fashe, gobe sai an nemi wani, kuma a gidansu ake yin wanin.

Hazon kogi bai gama tashi ba. Mutane suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, da jakunkuna da lemomi a hammata, su tsaya a teburin Mofizul mai shayi, su kurɓa, su jefar, su sake ɓacewa. A bayan teburin akwai tudun tsingaro ja, ya kai gwiwar mutum. Jarna takan tsaya ta dube shi. A ranta takan ga damina ta zo ta jiƙa shi, ya narke, ya bi kwata ya gangara kogi, ya koma laka, mahaifinta ya sake ɗebo shi. Wataƙila ma kofi ɗaya ne tun zamanin kakanta yake ta zagayawa, yana sumbatar bakunan mutanen garin yana komawa ruwa ya huta.

"Ga sarauniyar shiru ta iso!" in ji Mofizul, yana ɗaga buta sama, shayin yana zuba kamar igiya. "Yau ma ba za a gaishe mu da murya ba? Sai dai da ido?"

"Ina kwana, Kawu," ta ce a hankali.

"Jama'a ku shaida, ta yi magana. Yau za a yi ruwa."

Ya taya ta sauke kwandon. Da ta durƙusa tana jera kofunan a ƙarƙashin tebur, hannunta ya taɓa wani kwali. Bakinsa a buɗe yake. Fararen kofunan roba ne a ciki, an cusa su cikin juna, a jikin kwalin kuma da wani rubutu na ƙasar waje wanda ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Mofizul ya kau da kai, ya shiga fifita wuta.

"Kada ki dube ni haka, 'yata. Masu shayi tara ne a tashar nan, ni kaɗai na rage da naku. Wannan ba ya fashewa a hanya, ba ya tsotse shayi, ga shi da araha kamar an tsinto. Ban fara amfani da shi ba tukuna. Ajiyewa kawai na yi." Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ki gaya wa tsohon nan."

* * *

Mahaifinta Nitai yana zaune a gaban faifansa na ƙera kofuna lokacin da ta dawo. Ya ɗora curin yumɓu a tsakiya, ya juya faifan, kofuna suna fitowa daga tsakanin yatsunsa kamar ana cire 'ya'yan itace. Ya yanke da zare, ya ajiye a kan katako, wani ya taso. Ba ya ko kallon hannunsa. Idonsa yana kan kogi.

A gefen tsakar gida tanderu yake, baƙi ƙirin, yana fitar da ɗumi. Tun Jarna ba ta san kanta ba, ba ta taɓa taɓa jikinsa ta ji sanyi ba. A jikinsa mahaifiyarta take shanya tufafi kafin ta rasu. A jikinsa ita ma take jingina bayanta da sanyin safiya, ta lumshe ido, ta ji kamar wata babbar dabba ce mai haƙuri take numfashi a bayanta.

"Uwata, yaya tudun Mofizul?" ya tambaya. Kullum haka yake tambaya.

"Yana nan, Baba. Ya kai gwiwa."

"Madalla. Su sha su fasa. Shi ya sa ba na gasa su sosai, ba na shafa musu komai. Ba don ajiya nake yi ba. Mutum ɗaya, sha ɗaya, shi ke nan." Ya tsoma hannu a ruwa. "Ranar da Mofizul ya ce ya isa, ranar zan bar tanderun nan ya huce. In tafi wajen masu yin jan bulo in yi dako, kamar sauran."

Ta dubi bayansa, wanda ya lanƙwashe tun shekarun baya, har ba ya iya kwanciya rigingine. Ta tuna da kwalin. Ta buɗe baki, sai ta ce, "Bari in ɗora shinkafa."

* * *

Ranar wata Lahadi mata suka zo daga birni a farar mota. Su bakwai ne, duk sun naɗa zanen sari na saƙar hannu, suna ƙamshin furanni. Sun ɗaura wani ƙyalle a jikin katangar tasha, an rubuta: MU SAYI NA GIDA. Jarna ta iya karanta wannan, don ta yi aji huɗu kafin a cire ta ta taya aiki.

Shugabarsu, Uwargida Sutapa, doguwa ce mai furfura a goshi da tattausar murya. Ta karɓi shayi a kofin ƙasa, ta rufe ido ta shaƙa.

"Kun ji? Ƙamshin ƙasarmu ke nan bayan ruwan farko. Wa yake yin waɗannan?"

Mofizul ya nuna Jarna da ludayi. "Ga 'yar mai yi nan. Amma sai kin yi haƙuri, maganarta tsada gare ta."

Matan suka kewaye ta. Suka ɗauki hotonta da kwando a ka, suka ɗauki hoton hannunta. Uwargida Sutapa ta ce tana son kofi ɗari biyu don taron ƙungiyarsu. Jarna ta ji ƙafafunta sun bar ƙasa. A take ta ga a ranta tanderunsu ya zama biyu, ya zama uku, hayaƙi yana tashi har ana hangowa daga gada. Ta ga kwale-kwale cike da jajayen kofuna yana tafiya birni a kan ruwa mai kyalli, mahaifinta a zaune a gaba, bayansa a miƙe.

Tas!

Wani ma'aikacin ofis ne ya jefa nasa, yana duba agogo.

"Wayyo!" in ji Uwargida Sutapa, ta dafe ƙirji. "Malam, me ya yi maka? Ka san wahalar da aka sha kafin a yi shi?"

Mutumin ya tsaya sororo. "Ai na gama sha ne."

"Shi ya sa ba ma ci gaba. Abin waje mu lallaɓa shi, namu mu farfasa." Ta juya ta ga tudun tsingaro, idonta ya ciko da ƙwalla ta gaske. "Dubi nan. Gumin mutum ne fa wannan."

Jarna ta so ta ce, ranki ya daɗe, ai wannan tudun shi ne abincinmu. Amma mata bakwai suna kallonta da tausayi, wayoyi a ɗage, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin sarinta. Mofizul ya fara cewa, "Ai ranki ya daɗe, abin da ba ki gane ba..." sai jirgi ya shigo da kuwwa, mutane suka rufe teburin.

Bayan kwana uku suka aiko da allo mai kyau, shuɗi, aka kafa shi daidai saman tudun. An zana kofi da fure a ciki, an rubuta: AIKIN HANNU NE, KADA KA FASA. TAFI DA SHI GIDA. Suka biya masu shara aka kwashe tsingaron tas, aka share wurin.

* * *

Mako biyu gidan Nitai ba a huta ba. Ya zaɓi yumɓu mafi laushi, ya yi kofunan birni ɗari biyu, har da ɗan zane a bakinsu. Yana aiki yana 'yar waƙa. Motar ta zo ta ɗauka.

Amma a tasha, kwandon da Jarna take kaiwa ya daina ƙarewa.

"Zauna ki gani da idonki," in ji Mofizul wata safiya. Yau babu zolaya a bakinsa.

Ta zauna a kan benci. Wani malamin makaranta ya sha shayinsa, ya ɗaga hannu zai jefa, sai idonsa ya faɗa kan allon. Ya sauke hannun. Ya dubi kofin, da guntun madara a ciki, ya dubi farar rigarsa da jakar littattafansa. Ya rasa inda zai sa shi. A ƙarshe ya ajiye a gefen tebur kamar wanda ya yi sata, ya wuce da sauri.

"Kin gani? In wanke in ba wani? Wa zai sha a kofin ƙasar da bakin wani ya taɓa? Ko ke za ki sha?"

Ta girgiza kai.

Wani mai dako ya matso. "Mofizul, ba ni a na roba. Ba na son wannan allon ya riƙa harara ta da sassafe."

"Ka fasa mana, wa zai kama ka?"

"A'a. Ranar nan wata ta ɗauki hoton wani yana fasawa. Ni da 'ya'ya, a nuna ni a waya a ce ni ne maƙiyin ƙasa? Ba ni na roba in jefar hankalina kwance."

Mofizul ya jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur. Bai dubi Jarna ba.

"Ka cire allon, Kawu," ta ce.

"Da shugaban tasha aka kafa shi, har ya yi jawabi. In cire, gobe a ce teburina ya tare hanya." Ya goge hannu a gyalensa. "Je ki wurin matar nan. Mutanen kirki ne, wallahi. Kawai dai ba su taɓa shan shayi a tsaye ba."

* * *

Ba ta taɓa shiga birni ita kaɗai ba. A cikin jirgi ta yi ta maimaita abin da za ta faɗa, tana kallon gonakin shinkafa suna gudu baya. A cire allon. A bar mutane su fasa. Kalmomin sun yi sauƙi a cikin jirgi.

Uwargida Sutapa ta tarbe ta da murna, ta riƙo hannunta har cikin falo.

"Zo ki gani, ƙanwata. Zo ki ga 'ya'yanki."

Suna jere a kan kanta ta gilashi, daga ƙasa har sama. An shafa wa wasu fenti, an dasa 'yan tsirrai a wasu, wasu an zuba musu duwatsu masu launi. Fitila tana haska su. Jarna ta gane zanen babban yatsan mahaifinta a bakin kowanne. Sun yi mata kama da tsuntsayen da aka rufe a keji, sun yi tsit.

"Na raba wa ƙawayena saura. Kin san wani abu? Ko ɗaya bai fashe ba. Ko ɗaya! Za su kai jikokinmu."

"To... ba za a ƙara buƙatar wasu ba, ranki ya daɗe?"

"Ai waɗannan sun ishe mu har abada. Ki gaya wa Baba aikinsa yana da ƙarko."

Mai aiki ta kawo shayi a farin kofin tangaran mai bakin zinariya, mara nauyi kamar ɓawon ƙwai.

"Allon nan, ranki ya daɗe," in ji Jarna. Muryarta ta fito siririya. "Da za a cire. Mu da fasawar muke ci."

Uwargida Sutapa ta yi murmushi, ta shafa kumatunta. "Haka aka saba muku, shi ya sa. An koya muku raina abin hannunku. Kada ki damu, a hankali mutane za su waye." Wayarta ta yi ƙara. "Sha shayinki kafin ya huce."

Jarna ta sha.

* * *

Damina ta sauka a makon da Mofizul ya ce ya isa, Nitai ya fara zuwa wajen masu jan bulo. Da safe yakan naɗe tsohon gyalensa ya yi gammo, ya fita ba tare da ya dubi faifan ba. Bai yi wa kowa faɗa ba. Bai ƙara tambayar tudun Mofizul ba.

Jarna ta je tasha don ta karɓo kwandonsu. Ruwa yana zuba a hankali. A gindin katanga, inda tudun yake a da, ciyawa ta fara tsirowa a ƙarƙashin shuɗin allo. Fararen kofuna suna bin kwata a jere, suna juyi, suna gangarawa kogi. Ta bi su da ido har suka ɓace. Ta san kogin ba zai san abin da zai yi da su ba.

"Saura guda ɗaya," in ji Mofizul. Ya ciro shi daga bayan buta, ya hure ƙurar ciki, ya cika shi da shayi mai citta. "Ke na ajiye wa. Sha ki fasa, 'yata. Ki fasa da ƙarfi, duk tashar nan ta ji. In an zo kamu, ni za a kama."

Ta sha a tsaye. Ƙamshin ƙasa ya cika mata hanci, bakin kofin yana ɗan manne wa leɓenta kamar yadda ya saba. Da ta shanye, ta juya ga katanga, ta ɗaga hannu sama.

Mofizul ya dakata da buta a hannu yana jira.

Hannun ya daɗe a sama. Ruwa yana ɗiga a cikin kofin. A ƙarƙashin yatsanta tana jin gurbin yatsan mahaifinta.

Ta sauke hannun. Ta goge kofin da bakin sarinta, ta naɗe shi a ciki, ta ɗauki kwandon.

A gida ta tarar mage ta shige cikin tanderu ta kwanta a kan toka. Jarna ta ɗora tafinta a jikinsa. Sanyi ƙalau. Ta kwance kofin ta ajiye shi a saman tanderun, can ciki inda ruwa ba ya kaiwa, ta gyara masa zama don kada ya faɗo.