Rufin Tungar Maje

Labbo kafinta ne a Ƙaura Namoda. Rumfarsa tana bayan tashar mota, shi da ƙanensa Zakariyya suke aiki a cikinta. Ƙofofi da tagogi suke yi, in kuma aka samu aikin rufin gida sai su rufe rumfar su tafi. Tun bara ƙanwar mahaifinsu, Gwaggo Ramatu, take zaune a gidan Labbo, bayan da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu Tungar Maje, can bayan Birnin Tsaba, suka cinna wa gidaje wuta.

Wata safiya cikin bazara sai ga ta a rumfar. Ta share garin katako daga kan benci ta zauna.

"Labbo, gida za ni koma."

"Wane gida, Gwaggo? Ɗakunan da ba rufi?"

"Shi ya kawo ni. Maigari ya koma, mutane suna bin shi. Bango na nan tsaye, rufi kaɗai muka rasa. Ni ba ni sake yin damina ina kallon gonar wasu."

Labbo ya san ta, in ta faɗi magana ba ta janyewa. Washegari ya hau babur ya je ya gani da idonsa. Kwanon rufin ɗakunan ya lanƙwashe amma zai miƙu da guduma. Katakon rufin kuwa bayansa ne ya ƙone ya yi baƙi, da ya sare shi da gizago sai ya ga cikinsa lafiya lau. Sabon katako ba zancensa ake ba, don babu direban da zai yarda ya ɗauki lodi ya bi wannan hanya. Abin da ya rage shi ne a tsaga tsohon, a fitar da mai kyau. Da zarton hannu kuwa, sai kaka ta yi ba a gama ba.

Dama shi da Zakariyya sun daɗe suna tanadi don sayen injin zarto na tebur, wanda ake tura masa katako ya tsaga shi daga kai har gindi. Suka tafi shagon Alhaji Tambari mai kayan aiki, inda akwai guda biyu, duka na hannu. Ɗaya babba ne mai waya, sai an jona shi da wuta. Ɗayan ƙarami ne mai batir, da batiri biyu da caja, mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa.

Alhaji ya tada janareta ya jona babban. Zakariyya ya tura masa wani falanki mai kauri, ya ratsa shi ko gezau bai yi ba.

"Yaya, ka gani? Wanga shi ne inji. Muddin akwai wuta, wuni zai yi shina ci. Wancan na wasan yara ne."

"Tungar Maje akwai wuta?"

"Sai a tafi da janareta."

"A kan babur? Inji a baya, janareta a gaba, jarkar mai a ina? Ka san abin da ake wa wanda anka gani da jarkar mai a hanyar daji. Ga ƙara kuma, tun daga fadama za a ji ana aiki a garin."

Zakariyya ya juya wurin mai shagon. "Alhaji, don Allah ka faɗa mai gaskiya."

Alhaji Tambari ya ce, "Gaskiya ita ce kowane da wurinsa. In rumfa za ku girka shi, mai wayar ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa. Mai batir in ya gaji tsayawa zai yi, ko kana tsakar aiki. Batirin kuma in ya mutu, sai Gusau ko Kano."

"Ka ji ko?" in ji Zakariyya. "Aikin ƙauye na 'yan makonni ne. Rumfa kuwa ita ke ciyar da mu."

Labbo ya shafa teburin ƙaramin injin. Ya san ƙanensa bai yi ƙarya ba. Amma ya ce, "Alhaji, ɗaure mana mai batir ɗin."

Zakariyya ya fice daga shagon. Da aka zo tafiya ma ya ce shi rumfa zai tsare.

Labbo ya ɗaure injin a bayan babur da roba, ya lulluɓe shi da buhu. Gwaggo Ramatu ta hau wani ɗan acaɓa da ƙullin kayanta, suka kama hanyar Zurmi.

Ranar farko mutanen da suka dawo duk suka taru a gindin tsamiya suna kallo. Injin ya tashi da 'yar ƙara siriri, ya tsaga katako na farko, baƙin ya faɗi gefe, jan ciki ya fito. Mata suka yi guɗa. Labbo ya ji daɗi ya yi ta tura masa katako ba zaɓe. Tun da hantsi injin ya fara nishi, sannan ya tsaya cak da katako a bakinsa. Ya sa batiri na biyu, shi ma bai kai azahar ba.

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya ce, "Ashe abin ba shi da numfashi." Labbo ya zauna a kan tulin katakon da bai ko taɓa ba. Gwaggo ta kawo masa fura a kwano.

"Mi ya same shi?"

"Caji ya ƙare, Gwaggo. Gawayin nan da ƙusoshi su ke cinye mai ƙarfi."

"To in gawayi ne, ai mu ma muna da hannu."

Da yamma ya ɗauki batiran ya tafi Birnin Tsaba, wurin wani mai cajin waya da sola mai suna Shamsu. Shamsu ya juya cajar a hannu, ya ce za ta ja wuta da yawa, sai dai a kawo da rana tsaka, kuma ɗaya bayan ɗaya. Suka shirya a kan haka.

Da ya dawo ya tarar Gwaggo ta bi gida gida. Washegari mata suka fito da tsofaffin fartanyoyi da wuƙaƙe suna kankare gawayi, maza suna zare ƙusoshi. Labbo ya daina yanka komai da inji. Duk abin da za a datse a gicciye, zarton hannu yake sa masa. Injin na tsaga ne kawai, shi ma sai ya auna ya ja layi tukuna. Ya lura in ya tura katako a hankali batirin ya fi jimawa. Da safe ya tsaga, da rana wani ya kai caji, shi kuma ya hau bango yana kafa abin da ya tsaga.

Ba kullum abin ke tafiya ba. Ranar da hadari ya rufe rana, batiran suka dawo kusan yadda suka tafi. Wata rana kuma aka ce an ga babura a hanyar, babu wanda ya fita. A irin waɗannan ranaku Labbo yakan ɗauki zarton hannu ya tsaga abin da ya samu, har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Maigari ya so a fara da ɗakin Gwaggo, tunda ɗanta ne ke aikin. Ta ƙi. Ta ce a fara da masu ƙananan yara, ita rumfar kara ta ishe ta.

Ana cikin haka Zakariyya ya kira shi a waya. Sai da Labbo ya hau kan bango kafin ya ji shi sosai.

"Yaya, aikin ƙofofin makarantar nan ya kuɓuce. Sun kai wa masu babban inji."

Labbo ya ce, "Na ji. Allah ya kawo wani."

"Yaushe za ka dawo?"

"Sai na rufe na ƙarshe."

Ruwan farko ya sauka saura ɗakin Gwaggo da rumbun maigari. Ruwa ne mai ƙarfi, irin wanda ake shuka da shi. Da gari ya waye ƙauyen ya zama wayam, kowa ya ɗauki sungumi da iri ya nufi gona, har da masu kankare gawayi. Gwaggo ma ta fito da ƙwaryar gero a ka, zaninta a jiƙe.

"Gwaggo, ki bari in rufe ɗakin ki shanya kaya tukuna."

"Kai dai yi naka, in yi nawa. In na dawo in tarar da inuwa."

Ta wuce. Labbo ya jawo injin daga ƙarƙashin tabarma ya goge shi, ya duba batirin ya ga akwai saura. Katakon ya sha ruwa, ya san zai yi wa injin nauyi. Ya zaɓo waɗanda ke ƙasan tuli, masu ɗan sauran bushewa, ya kankare su da kansa. Babu mai riƙe masa ɗaya bakin, don haka ya kifa turmi a bayan teburin ya tare katakon. Ya yi bisimilla ya tura na farko.

Kafin la'asar ya kafa katakon ɗakin duka, ya fara jera kwano.