Malamin Lissafi a Takarda

Matar da ke koyar da mu ta ɗora hannu kan linzamin kwamfutata, ta kama kusurwa ɗaya ta murabba'in da na shafe rabin awa ina zanawa, ta ja kaɗan. Nan take ya karkace, ya zube kamar rumfar da aka zare wa ƙafa.

"Ka gani, Malam? Da ido ka zana shi," in ji ta. "Ita wannan manhajar ba ruwanta da ido. Sai ka gaya mata wannan layin a tsaye yake cak kan wancan, kuma tsawonsu ɗaya. In ka gina shi haka, duk inda ka ja shi yana nan a murabba'insa."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Wallahi ban gane komai ba. Ni dai na san layi huɗu na ja, kuma ko kafinta ya gani sai ya yaba.

Mu talatin ne a ɗakin bitar, kowa da kati rataye a wuya. A jikin nawa an rubuta "Malamin Lissafi". Na kusa da ni yana ta jan wani alwatika, lambobin kusurwoyinsa suna canzawa, shi kuma yana murmushi shi kaɗai. Ni kuwa na danna wani wuri, ɗigo ya fito. Na sake dannawa don in goge shi, wani ya fito kusa da shi. Kafin a tashi hutu fuskar kwamfutar ta cika da ɗige-ɗige, kowanne da harafinsa, har haruffan suka ƙare suka shiga zagaye na biyu.

"Wane aji kake ɗauka?" maƙwabcin nawa ya tambaya.

"Manyan," na ce, na yi sauri na nemi hanyar banɗaki.

*

Ni mai kula da sito ne a wata makarantar 'yan mata. Shekara goma sha ɗaya ina fama da alli, tsintsiya da karyayyun kujeru, kuma ban taɓa jin kunyar aikina ba. Shugaban makarantar yayan matata ne. Shi ya samo mini aikin, shi ya sa bakina bai iya ce masa a'a ba.

Takarda ce ta zo daga ofishin ilimi, wai a turo malamin lissafi bitar kwana uku, a koya masa zanen siffofi da kwamfuta, a ba shi kwamfutar ya zo ya koyar da yara. Mai koyar da lissafi ɗaya ce tak a makarantar, Malama, wata siririyar mata da ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba.

"Kwana uku ne kawai," Yaya ya ce mini a ofishinsa. "Ka je ka zauna, ka sa hannu, ka karɓo kwamfutar. Wannan matar in ta je ta dawo, ba mai ƙara jin kunnensa a nan."

"Yaya, ni fa lissafina bai wuce ƙirga kwalin alli ba."

"To wa zai tambaye ka? Na ma riga na tura sunanka."

Da na gaya wa matata, cewa ta yi in gode Allah, ɗan'uwanta bai manta da mu ba. Na rasa abin da ke damuna a cikin maganar, amma dai na san akwai.

*

Ranar da aka rufe bitar na dawo gida da yamma, kwamfuta a jaka, takardar shaida a hannu, kaina kuwa fanko. Autarmu tana ajin ƙarshe a makarantar tamu, a hannun Malama. Tana ganin jakar ta karɓe, ta zauna a ƙofar ɗaki ta buɗe.

"A hankali, ɗigo yake haifa," na gargaɗe ta.

Ba ta ko kalle ni ba. Ta yi ɗan dube-dube, ta goge ɓarnata gaba ɗaya, ta sa ɗigo biyu. Daga na farko ta buɗe da'ira har ta taɓa na biyu, daga na biyu ta buɗe wata har ta taɓa na farko. Inda da'irorin suka haɗu ta sa ɗigo na uku, ta haɗe ukun da layi.

"Haka Malama take yi a allo da kamfas," ta ce. "Baba, duba."

Ta ja kusurwa ɗaya. Alwatikan ya girma, ya ƙanƙance, ya juya, amma gefunansa uku suna nan daidai da juna. Abin da ya gagare ni kwana uku, yarinyar nan ta yi shi kafin uwarta ta gama wanke-wanke. Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta biyo baya ta danne shi.

"Ranar Litinin ka kai wa Malama, ka ji Baba? Saura wata huɗu jarrabawarmu, kuma wannan ɓangaren ne yake kayar da mu." Ta ɗago ta kalle ni. "Amma me ya sa kai aka tura?"

Uwarta ta ƙwala mata kira ta zo ta kwashe shanya. Ni kuwa na ƙudura a raina, Malama zan kai wa, Yaya ya yi duk faɗan da zai yi.

*

Ranar Litinin na same ta a ɗakin malamai tana jera littattafanta a kwali.

"Malama, wannan taki ce," na ce, na miƙa mata jakar.

Ba ta karɓa ba. Wata takarda ta turo mini a kan tebur. Na karanta sau biyu, kaina ya ƙara ɗaurewa.

"Canjin wurin aiki ne," ta ce. "A lissafin ofis makarantar nan tana da malaman lissafi biyu, ɗaya har da horon kwamfuta. Akwai wadda ba ta da ko ɗaya, can za ni." Ba faɗa a muryarta, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "'Yan ajin ƙarshe sun tsaya a babi na tara. Kar a bar su haka."

Na nufi ofishin Yaya.

"A gaya wa ofishin ilimi kuskure ne," na ce.

"Kuskuren wa? In na buɗe baki, ni da kai duk mun tafi." Ya karɓi jakar daga hannuna, ya sa a kabad ya kulle. "Ka riƙe musu ajin kafin mu ga yadda za a yi. Ai ka yi bita."

Aka kaɗa ƙararrawa. Na koma sito na ɗauko alli ɗaya daga kwalin da na saba raba wa malamai, na bi baranda har ƙofar ajin ƙarshe. Ina shiga, 'yan mata arba'in da shida suka miƙe tare.

"Ina kwana, Malam."

Autata tana layi na biyu. Ita ma ta miƙe, a ƙarshen kowa, idonta a kan teburinta.