Ranar da Manaja Ya Ɗauki Almakashi

Sana'ar ƙanwata haɗa duwatsun ado: sarƙa, abin hannu, da kambun da amare ke ɗaurawa a goshi. Sana'ar mijinta kuwa zama kusa da ita. Tun da aka sallame shi daga aiki ya naɗa kansa Manaja, ya dasa kujera a gefen teburinta yana kaɗa ƙafa. Ita ta duƙa tana zura dutse a zare har wuyanta ya ƙage, shi kuma da mai saye ta shigo sai ya gyara murya: "Mu a nan ba ma aikin gaggawa." Mutumin da ko maɓallin rigarsa ne ya tsinke sai ya bi matarsa da shi har kicin!

Wata amarya ta ba da aikin kambu, fari da ruwan zinare, da ƴan jeloli masu sauka a goshi. Ƙanwata ta sha wuyarsa, don duwatsun ƙanana ne kamar tsakuwar yashi.

Ana gobe biki, yarinyar ƙanwata ta tashi da zazzaɓi, ƙanwata ta tafi da ita asibiti, ta bar ni a gidan. Sai ga amarya da mahaifiyarta. Amarya ta gwada kambun a gaban madubi, ta ce yana ɗan matse ta ta bayan kunne.

Na ce su zauna, mai aikin tana hanya.

"Haba Yaya," in ji Manaja, "wace mai aikin kuma? Ni nake tsara komai, ita hannu ce kawai."

"Ashe kai ne gwanin," in ji uwar amarya. "To, bismillah."

Ya saka tabarau, ya juya kambun sama da ƙasa kamar likita, ya hango wani ƙulli a baya. "Ga matsalar nan."

Na ce, "Don Allah kar ka taɓa ƙullin nan."

"Yaya, ki bar wa masu abu abinsu."

Ƙit! Ya datse.

Duwatsu suka zubo shaa, suka bi siminti suna tsalle, wasu ƙarƙashin kujera, wasu cikin takalmin amarya, wasu har bakin ƙofa. Aka bar Manaja riƙe da zare tsirara kamar wutsiyar ɓera.

Amarya ta fashe da kuka. Uwarta ko gezau. Ta ɗora jakarta a cinya ta ce, "Tunda kai ka tsara, sai ka mayar."

Ya tsinci dutse guda, ya lashi bakin zare, ya kanne ido, ya zura, zaren ya wuce ta gefe. Ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can ya miƙe ya ce bari ya leƙa kasuwa, akwai wani zare na musamman.

Uwar amarya ta ja kujerarta ta tare ƙofa. "Wannan ma ya isa, gwani."

A haka ƙanwata ta dawo, yarinya a kafaɗa, ta tarar da maigidanta a durƙushe, kansa ƙarƙashin tebur, yana tsintar dutse da yawu a yatsa. Ta dube shi, ta dube ni. Ta kwantar da ƴarta, ta miƙo mini faranti ta ce in ware fari daban, ruwan zinare daban. Ta sake awon kan amarya, ta zauna. Kafin rana ta faɗi kambu ya tashi, ya hau kai daidai.

Da za su tafi, uwar amarya ta karɓi lambar ƙanwata daga bakinta, ta ce, "Taki nake so, ba ta ofishin Manaja ba."

Na zaci kunya za ta rufe masa baki ko na mako guda ne. Ina! Washegari na same shi a ƙofar gida ya tara maƙwabta yana bayani da hannu biyu. Wai zaren jabu aka sayar musu, kuma ba don Allah ya sa ya gano da wuri ba, da a tsakiyar taro zai tsinke.