Gitar Munkaila Direba

"Baba Inusa, wannan fa ita ce gita. Dubi ƙirji, dubi sheƙi. Daga Kano ta zo, ko kwalinta ban yar ba."

Sadisu mai gyaran salula ke nan, yana turo mini wata ƙatuwar gita ja a rumfarsa ta bakin tashar Matameye. Yakan yi kiɗa a gidajen biki in gyara ya yi ƙasa, shi ya sa ake samun irin kayan nan a hannunsa. Ni kuwa dillali ne. Na sayar da jakuna, na sayar da babura, na taɓa sayar da raƙumi mai ido ɗaya a kasuwar Kance har mai saye ya yi mini godiya. Gita dai ban taɓa riƙewa ba sai ran nan. Amma ciniki duk ɗaya ne: abin da mai kaya ya fara turo maka, shi ya fi ƙosawa ya rabu da shi.

Na ɗaga ta, na kanne ido, na bi wuyanta da kallo yadda ake duba azara. Ya ɗan karkace. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne, sun yi nesa da itacen har ƙaramin yatsana yana shigewa ƙarƙashinsu. Na danna guda, ta bar mini zane a fata.

"Wannan ta yankan sabulu ce. Miƙo mini waccan ta bayan ƙofa."

"Haba Baba! Waccan tsohuwa ce, tsirkiyar roba, duk ta koɗe. Ta koyon yara ce."

"Ai yaro zan saya wa. Shekararsa saba'in da ɗoriya."

Ƙarama ce, ba nauyi. Tsirkiyoyinta kwance suke dab da wuya, da ka ɗora yatsa sun bi ka. Na ƙwanƙwasa cikinta kamar mai sayen ƙwarya, ban ji tsaga ba. Na murɗa kunnuwan da ke ɗaure tsirkiya, babu wanda ya zame. Muka shiga ciniki. Ya ce albarka, na miƙe, ya riƙo rigata, na zauna. Muka tsaya a jika ashirin, sannan na kawo sharaɗi: in aka maido ta kafin Babbar Salla, zai karɓa ya ba da sha biyar.

Sadisu ya fashe da dariya. "Tsoho da gita? Sati guda yatsu za su yi ƙuna ya jefar. Na sallama, Allah ya sa albarka."

A ransa ya ci banza. Ban gaya masa wanda ya sa sharaɗin ba, balle dalili.

Maƙwabcina ne, Munkaila direba. Katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, da ƙarfi ya ja baya ya koma jigilar rake a nan kusa. Wani kiɗa ya ji wurin Buzaye a wata tasha tun yana saurayi, ya maƙale masa, shi ke nan kullum yana fitonsa. Da fiton yake wanke mota, da shi yake shiga gida. Matarsa A'i ba ta taɓa buƙatar sallamarsa ba, tun daga kan kwana take ɗora ruwan shayi. Tsofaffi sun ce fito kiran aljanu ne. In haka ne, aljanun unguwarmu sun ƙoshi.

Sai ciwon ƙirji ya kama shi. Lokotoro a Damagaram ya duba hoto ya ce huhu ne, ya ba shi magani, ya ce ya koma gida ya huta. Mu da muka ga jiya mun san irin wannan hutun. Abin da ya fara tafiya shi ne fiton. Sai ya tsuke baki, iska kawai ta fito, tari ya biyo.

Ya kira ni zaurensa ya ce, "Inusa, nemo mini gita. Mai arha, wadda ba za ta wahalar da tsoho ba."

"Kai da ko kalangu ba ka taɓa dukawa ba? Me mutane za su ce?"

"Su ce. Tun da aka kawo matar nan take jin fiton nan. Ba na so gida ya yi mata shiru tun ina kwance a ciki. Kuma ka yi ciniki da sharaɗin maidowa. Ba zan daɗe da ita ba, kada in bar asara."

Ranar farko da na kai masa, kaji ma sai da suka bar tsakar gidan. Ni da nake barcin rana a bayan katangar na ce masa da na sani da ta yankan sabulun na sayo, ya yanke yatsu mu huta. Amma mutumin da ya iya jin ciwon inji da kunne ba ya rasa hanya. Ya ƙyale tsirkiya biyar, ya kama guda, yana bin ta sama da ƙasa yana neman kiɗansa kamar mai neman gida a baƙon gari.

Sadisu kuwa duk Juma'a sai ya leƙo. "Baba ya gaji?"

Na ce, "Bai gaji ba. Tun da ka zo, ɗaure mana ita, ta saki."

Ya zauna ya ɗaure tsirkiyoyin yana gunaguni, ya nuna wa Munkaila inda ake ɗora yatsa, ya sha shayi, ya tafi hannu wofi.

Kiɗan ya fara kama jikinsa ke nan hannun hagun Munkaila ya yi sanyi. Babban yatsan dama yana iya kaɗawa, amma na hagu sun kasa danna ko robar. Kwana biyu ban ji komai ta katanga ba. A na uku, bayan la'asar, sai na ji abin ya dawo, yana tafe yana tuntuɓe. Na zagaya na yi sallama.

Yana jingine da bango, gitar a cinyarsa. A'i na zaune a hagunsa, ta ja mayafi, ta ɗora yatsanta mai lalle a wuyan gitar. Ita ke dannawa, shi ke kaɗawa.

"Gaba kaɗan. A'a, kin wuce, kin kai mu Tanut."

"To Malam, ai kai ne direba, ka ja birki mana."

Da ta gan ni ta so ta janye hannu. Na ce, "Zauna, uwargida. Ni dillali ne, abin da na gani ba na faɗa sai an biya ni."

Haka suka yi ta yi har damina ta kankama. Wata la'asar suka kai kiɗan tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Munkaila ya rufe ido yana murmushi, numfashi na yi masa wuya.

"Inusa, ka ci la'adarka kuwa?"

"Wa ya ba ni? Kai da rowa tun kana karen mota."

"To ka yafe. Ka yafe duka."

"Na yafe. Ni ma ka yafe mini."

Washegari da hantsi, A'i ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tana gaya masa kalmar shahada, yana bi da leɓe. Kafin rana ta take ya cika. Allah ya jiƙansa. Muka kai shi bayan azahar, ƙasa da laima, haƙa bai yi wuya ba.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado a zaure, don babban ɗansa Abdulra'uf ɗan kasuwa ne a Damagaram, yana sauri ya koma. Yaro ne mai kirki, sai dai gitar nan ta tsaya masa a rai tun da ya ji labarinta. Aka fito da kaya gaban Malam Nasrullahi limamin unguwa: riguna, rediyo, akwatin sifanu. Abdulra'uf ya ɗauko gitar da yatsa biyu.

"Wannan na ji akwai sharaɗi a kanta. Salla saura kwanaki. A mayar a karɓo kuɗin a zuba cikin rabo, mu huta da abin kunya."

A'i na bayan labule cikin takaba. Na ga labulen ya motsa.

Ni ban yi makaranta ba, sai dai na zauna rabon gado ya fi a ƙirga. Na gyara murya na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambayar jahili. Kayan kiɗa dukiya ne? Kuɗinsu yana halatta a zuba cikin gadon marayu?"

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Gidansa na bayan na Munkaila, kuma na san ba ya rufe taga da la'asar. Ya daɗe yana shafa gemu.

"A abin da muka karanta, kayan wasa ba a yi musu kima. Ba ta shiga gado."

"To a fasa ta," in ji Abdulra'uf.

"Ni rabo aka kira ni, ɗana. Abin da bai shiga rabo ba, ba ni da hurumi a kansa, kai ma haka. A mayar da ita inda aka ɗauko ta."

Abdulra'uf ya dubi labulen. Shi da kansa ya shiga ya rataye ta a ƙusar ɗakin uwarsa.

Salla ta wuce, sharaɗi ya faɗi. Sadisu ya tare ni a tasha ya ce na cuce shi, tsohuwar nan ta fi jar daɗin hannu, yanzu ya gane, ga ɗaurin tsirkiya da ya yi ta yi kyauta. Na ce ya je ya kai ƙara wurin wanda ya ce "na sallama".

In ana lissafin riba da asara, Sadisu ya riƙe kuɗinsa ya rasa gitarsa. Magada ba su ƙaru da ko dala ba, ba su kuma ragu ba. Munkaila ya sami abin da ya aike ni nema. Ni ne dai na tashi a tutar babu, sai dai ranar da A'i ta fita takaba, rake ya fara shigowa gari, na shimfiɗa tabarma bayan katanga da la'asar sai na ji an kaɗa tsirkiya guda. Hannunta na hagu ya san hanya sarai. Na daman ne baƙo, yana tafe yana tsayawa, yana komawa farko. Na gyara matashi na juya kunnena wajen katangar.